Baffa da Sandar Awon Mai

Duk wanda ya taɓa tsallaka kogi a jirgin babana ya san Baffa. Shi ne dogon tsohon nan da ke zama a gefen sitiyari, sanda a tsakanin gwiwoyinsa, yana bin fasinjoji da kallo kamar sun faɗo masa ɗaki ba sallama. 'Yan tasha suna ce masa Mai Sanda. Yayan babana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun da nake ban taɓa ganin mai kishi irinsa ba. Dukiyar kowa ba ta tsone masa ido, matar kowa bai kalla ba. Ƙaninsa kawai yake kishi.

Dalili kuwa yana da shi, in ka bi ta tasa. Mahaifinsu ya rasu Baba yana rarrafe, Baffa ne ya goya shi, ya koya masa iyo, ya sha dambe a kansa har ya rasa haƙori ɗaya na gaba. Shi ya sa har Baba ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, a bakin Baffa ba shi da suna sai Auta.

Da ƙuruciyarsa Baffa ya tafi birni, ya sami aikin awo a wani babban sito. Tsayuwa yake gaban sikeli, ba buhun da zai shiga ko ya fita sai ya ce eh. Yakan zo mana hutu da takalmi mai ƙyalli, yana gyara wa kowa magana. Daga baya sito ya rufe, matarsa ta rasu ba su haihu ba, ya dawo da akwati ɗaya da rediyo. Ina firamare lokacin. Na tuna yadda ya shige ɗakin bakin ƙofa ya ja labule. In an kai masa abinci sai ya ce a ajiye, in an koma sai a tarar da kwano yadda aka bar shi.

Ana cikin haka gejin mai na jirgin Baba ya mutu. Allurar ta kwanta a ƙasa, ko an cika tanki maƙil ba ta motsi. Wata safiya na ga Baba ya tsaya a bakin labulen nan yana sosa ƙeya.

"Yaya, geji ya mutu, ni kuma ka san ban iya awo ba. Ko za ka taimaka min kwana biyu, kafin in samo na canji?"

Can sai labule ya motsa.

"Kai dama yaushe ka iya wani abu? Ina takalmina?"

Kwana biyun nan su ne suka zarce shekara ashirin.

Baffa bai ɗauki aikin da wasa ba. Ya sassaƙe sanda daga itace mai tauri, doguwa har kafaɗarsa. Ya sa aka zuƙe tanki ƙaf, aka riƙa zuba mai jarka bayan jarka, shi kuma yana tsoma sanda yana tsaga mata shaida da wuƙa. Daga ranar, kullum safiya ga yadda ake yi. Fasinjoji su gama shiga, Baba ya zauna ya ɗora hannu a kan makulli, amma ba zai murɗa ba. Sai ya ce, "Yaya, yaya mai?" Baffa ya miƙe a hankali, don ba ya son a ga kamar aikensa aka yi, ya buɗe murfin tanki, ya goge sanda da tsumma, ya zura ta har ta taɓa ƙasa, ya zaro, ya ɗaga ta sama ya duba inda jiƙar ta tsaya. Sannan ya rufe murfi, ya koma wurinsa, ya gyara zama.

"Akwai, Auta. Mu je."

Sai a lokacin inji zai tashi. Ni da na yi ta bin jirgin nan tun ina zuwa makaranta har na buɗe shagon ɗinki a tsallake, ban taɓa jin ya tashi kafin wannan magana ba.

To amma zama da Baffa sai haƙuri. In fasinja ya cika jan Baba da hira, Baffa zai fara tari, in tari bai yi ba ya ce, "Malam, matuƙi kake ɗauke wa hankali, ko iyo ka iya?" Mai shayin tasha ya taɓa cewa ya san yadda Baba ke son shayinsa, Baffa ya daina gaishe shi har damina ta wuce. Ko Inna, mahaifiyarmu, ba ta tsira ba. In ta ce Baba ba ya jin daɗi yau, sai ya ce, "Ke za ki gaya min? Na san shi tun ba shi da wando." Inna ta yi dariya ta ce ta ji, ta bar masa kayansa. Mu ma dariya muke yi, don a lokacin ba wanda ya isa ya matsar da shi daga gefen sitiyari.

Sai na yi aure.

Maigidana mai gyaran wutar mota ne, yana taɓa na jirgi ma. Mutumin kirki ne, na faɗa ba don nawa ba ne, amma Allah bai ba shi sanin lokacin da ake yin shiru ba. Baba kuma mu mata ya haifa duka, bai sami namiji ba. Ganin suruki mai riƙe sufana sai ya rikice. Yau "ɗana zo ka ji wannan ƙarar," gobe "ɗana me ka gani game da batir ɗin nan." Har kujera ya sa aka ƙara masa kusa da sitiyari, don garejinsa ma a tsallake yake, tare muke tafiya.

Ranar da aka kafa kujerar nan Baffa bai ci abincin rana ba. Bai taɓa kiran maigidana da sunansa ba, Na Waya yake ce masa, saboda wayoyin wuta da yake aiki da su. In ya gaishe shi, amsar ta hanci take fitowa.

"Baffa, ina kwana?"

"Uhm."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Ka ga na faɗi ne?"

In mun koma gida maigidana ya ce min, "Anya tsohon nan yana sona kuwa?" Ni kuma in ce, "Kai dai ka rage zaƙewa." Bai rage ba. Wata rana, da zuciya ɗaya, ya ƙwanƙwasa gilashin geji da ɗan yatsa ya ce, "Baba, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ma'aunin da ke cikin tanki ne ya lalace. Kafin shayi ya huce na canza shi, Baffa ya huta."

Na ji kamar in tura shi ruwa. Baffa bai ko waiwayo ba, amma na ga yadda ya damƙe sandar har jijiyoyin hannunsa suka tashi.

"Na ce maka na gaji ne?"

Baba ya yi sauri ya ce, "Bar shi kawai, ɗana. Ba a samun irinsa a kasuwa."

Ni ce na fara lura idon Baffa ya soma tafiya. Mai ɗinki ba ta rasa ganin irin wannan. Yana ɗaga sanda sama kamar kullum, yana ƙanƙance ido kamar mai dubawa, amma babban yatsansa ne ke aikin. Yana bin sandar da shi daga sama, yana ƙirga tsaga, har ya ji sanyin mai. Na same shi a ɗaki na ce, "Baffa, mu je a duba maka idon nan." Ya ce, "Ke 'yar nan, Na Waya ne ya aiko ki?" Na rantse ba shi ba ne. Ya ce to in riƙe bakina, idonsa garau, ƙura ce. Na riƙe, don awon yatsan bai taɓa kuskure ba.

Sai ranar da aka tashi da yayyafi. Sandar ta sha ruwa tun daga gida, tsumman gogewa ma ya jiƙe. Baffa ya tsoma, ya zaro, ya bi ta da yatsa, ya ji sanyi tun daga can sama. Ya ce akwai. Muna tsakiyar kogi inji ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Ruwa ya fara jan mu ƙasa, mata suna salati, wata ta rungume jaririnta tana kuka. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Amma jirgin Gajere ne ya zo ya ja mu da igiya, Gajeren da ya yi shekaru yana neman abin da zai yi wa Baba dariya a kai. Muna isa ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji.

"Mai Sanda, yau sandar ta yi barci ne?"

A gidan Baba ba wanda ya tayar da maganar sai da aka ci abinci. Baba ya ce, kansa a ƙasa, "Yaya, rayukan mutane ne. Gobe yaron nan zai gyara geji."

"Yaron nan," in ji Baffa. "Ɗanka dai. Faɗi yadda ka saba faɗa."

Ya tashi ya shige ɗaki. Na ji shi ya yi karo da bokiti a hanya, ba wanda ya nuna ya ji.

Washegari ba a ɗauki fasinja ba. Na rufe shago na zo, don na san ba za a rabu lafiya ba. Baffa ma ya zo, ya zauna a wurinsa da sandarsa, ya juya wa aikin baya, amma kunnensa duk yana can.

Maigidana ya fara cire kan batir, ya ce kada wanda ya kunna ko ashana. Ya ɗaga katakon da ke rufe saman tanki, ya bari iska ta kwashe warin, ya goge wurin tas don kada datti ya faɗa ciki. Ya cire wayoyi, ya kwance kusoshi, ya zaro tsohon ma'aunin a hankali. Ni ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Wani siririn hannu ne na ƙarfe, da 'yar ƙwallo a bakinsa wadda ya kamata ta riƙa yawo a saman mai, tana ɗaga hannun in mai ya yi yawa, tana sauke shi in ya ragu. Ya girgiza ƙwallon kusa da kunnensa.

"Kun ji? Hujewa ta yi, ta sha mai ta nutse. Shi ya sa allura take kwance."

"Allah ya ƙara ilimi," in ji Baffa, ba tare da ya juyo ba.

Maigidana, da bai san gatse ba, ya ce amin. Sannan ya matso ya rage tsawo.

"Baffa, a ara min sandar in auna zurfin tanki, don in daidaita hannun sabon."

"Sandar da ta yi barci? Je ka tambayi wayoyinka."

Ya koma ya auna da tef. Da ya gama ya ce, "Baba, bari in tsallaka in nemo sabon, na san inda zan samu." Baba ya ce ya dakata. Ya durƙusa, ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashin kujerar matuƙi, ya kawar da tsofaffin igiyoyi, ya ciro wani kwali a naɗe cikin leda. Ya miƙa masa da sauri, kamar mai miƙa abin sata, yana yi masa alama da ido ya yi shiru.

Wa ya gaya wa maigidana ana karanta ido?

"Kai! Baba, ashe kana da shi! Sabo fil, ba a taɓa ɗaura shi ba. Amma kwalin nan ya sha miya, dubi yadda ya koɗe. Robar bakin ma ta bushe, ga ta tana karyewa, sai na yanka wata. Shagon da ke sayar da irin wannan ai tun ina koyon aiki ya rufe. Yaushe ka saye shi?"

Na harare shi har idona ya yi zafi. Baffa ya juyo a hankali.

"Auta, ana tambayarka. Yaushe ka saye shi?"

"An daɗe, Yaya."

"Na ce yaushe?"

"Satin da geji ya mutu."

Baffa ya miƙa hannu, maigidana ya sa masa kwalin. Ya shafa shi, ya shafa busasshiyar robar har ta ɓare a yatsunsa.

"Ba a samun irinsa a kasuwa," ya ce. "Ashe a kansa kake zaune. Ni ina ta tsoma sanda ina hura hanci, ashe sadaka ake ba ni."

"Yaya, ba haka ba ne."

"Ni na goya ka, Auta. Ni za ka yi wa wayon yara? Kuma ka rasa gaban wanda za ka tona sai gaban wannan?"

Wannan ɗin ne ya fi ci masa rai, na sani. Ya ajiye kwalin, ya laluba gefen jirgi, ya sauka. A kan katakon sauka na ga ya miƙa sandar gabansa yana taɓa hanya da ita, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba. Na bi shi zan riƙe masa hannu, ya fizge.

Aiki dai an gama shi. Maigidana ya yanka sabuwar roba, ya daidaita hannun ƙarfen da zurfin tanki, ya haɗa wayoyi, ya mayar da kan batir can nesa da bakin tankin da ya toshe da tsumma. Kafin ya zura shi ciki ya ɗaga hannun sama, allura ta miƙe, ya sauke, ta kwanta. Ya sake cire batir, ya ɗaura, ya ɗaure kusoshi. Ya waiwayo yana jiran a yaba, bai sami mai kallonsa ba. A hanya ya ce min, "Wai me na yi?" Na ce, "Ba ka yi komai ba, bakinka ne ya yi."

Da safe fasinjoji suka cika jirgi. Allura tana tsaye a kan cike, gwanin sha'awa. Wurin Baffa ba kowa. Yana can kan bencin mai shayi, mai shayin da ya taɓa yin gaba da shi, ya ba kogi baya. Baba ya zauna ya ɗora hannu a kan makulli. Bai murɗa ba.

Jirgin Gajere ya cika ya tashi. Wani mai kayan gwari ya ce, "Direba, rana tana yi fa." Wata ma'aikaciyar asibiti ta duba agogo ta yi tsaki. Maigidana ya sunkuya ya ce, "Baba, ai ga shi, cike yake." Baba ya ce, "Na gani." Bai ɗauke hannu ba, bai kuma murɗa ba. Mutum biyu suka sauka suna mita. Ni ina kallon bayan Baffa, na ga ya daina kurɓar shayi. Kunnensa yana jiran ƙarar inji, don ya tabbatar wa kansa an tafi an bar shi. Ƙara ta ƙi zuwa.

Sai Baba ya ɗaga murya, ya kira yadda ya saba, ko kaɗan bai canza ba.

"Yaya, yaya mai?"

Duk tasha ta ji. Baffa ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya dire kofi, ya miƙe, ya taho yana taɓa ƙasa da sanda, yana faɗa tun daga nesa.

"Dubi shashasha! Ka tara mutane a rana kana jiran wa? Ba ga ɗanka ba, ba ga allurarku ba?"

Ya hau. Ya laluba ya sami kujerar maigidana, ya ƙwanƙwasa ta da sanda. "Kai Na Waya, koma baya, ka tare min iska." Maigidana ya tashi sum-sum. Baffa ya zauna, ya shafa allon gaban matuƙi har ya sami gilashin geji, ya cire hularsa ya rataya a kai, ya rufe allurar ruf. Bai je wurin tanki ba. Ya sunkuyo kusa da kunnen Baba, ni kaɗai ce kusa da zan ji.

"Ɗaga hular ka duba. Me ta ce?"

Baba ya ɗaga gefen hula. "Cike, Yaya."

Baffa ya gyara zama, ya ɗaga murya.

"Akwai, Auta. Mu je."

Haka aka ci gaba da yi har ƙarshen rayuwarsa. Kada wani ya ɗauka ya huce. Bai yafe wa allurar nan ba, hularsa ba ta wuni ko'ina sai a kanta. Maganar kwali bai sake tayarwa ba, sai dai in Baba ya ba shi haushi ya ce, "Me kuma ka ɓoye a ƙarƙashin kujera?" An yi masa aikin ido ɗaya, ya ɗan samu, maigidana ne ma ya yi ta kai shi asibiti a bayan babur. Godiyar da ya samu ita ce, "Na Waya, tuƙinka ba daɗi." Da na haifi ɗana na fari Baba ya ɗauke shi yana yi masa wasa, Baffa ya saurara ya saurara ya ce, "To, an sami sabo." Sandar kuwa ta koma ta jagora. Har yau tana jingine a ɗakin bakin ƙofa, in ka matsa kusa za ka ji warin fetur.

Ranar da Baba ya koma aiki bayan rasuwar Baffa, na zauna a bayansa kusa da maigidana. Fasinjoji suka shiga. Ba hula a kan geji, allura tana tsaye kowa yana gani. Baba ya ɗora hannu a kan makulli ya tsaya. Na ga leɓensa ya motsa, maganar ba ta fito ba. Maigidana ya dube shi, tausayi ya kama shi, ya gyara murya, ya buɗe baki.

"Akw..."

Na take masa ƙafa da duk ƙarfina. Ya dube ni, na girgiza kai. Ba tasa ba ce, ba kuma za ta taɓa zama tasa ba.

Muka zauna a haka. Ba wanda ya yi tsaki, ba wanda ya duba agogo. Can Baba ya cire tasa hular, ya rataya a kan gilashin, ya share ido da hannun riga, ya murɗa makulli.